Sunan Yaya a Bakin 'Yan Aji Uku

Ranar Litinin ce, wajen ƙarfe tara na safe, a zangon farko na shekarar karatu, damina tana shirin ɗaukewa. Mu huɗu ne a ofishin shugaban wata makaranta mai zaman kanta a rukunin gidaje na Gesse, cikin Birnin Kebbi. Akwai shugaban, dattijo mai furfura a gemu. Akwai malamin Turanci na aji uku, saurayi da ban ba shi shekara talatin ba. Akwai ni. Sai 'yar yayana mai shekara takwas, wadda aka ce ta tsaya daga bakin ƙofa. Na ce a ba ta kujera, tunda a kanta muka taru. Aka ba ta.

Kafin in faɗi abin da aka yi a ofishin, sai na koma baya kaɗan.

Ni ma'aikaciyar gidan rediyo ce, a sashen labarai. Aikina in fassara labari daga Turanci, in gyara shi, in karanta. Gidanmu yana Argungu. Mahaifinmu malami ne, ya daɗe da rasuwa, ya bar mu da Inna. Yaya shi ne ɗanta na fari, yana noman shinkafa da albasa a fadamar wajen Augie. Wannan yarinya 'yarsa ce, kuma tun da aka yaye ta take hannun Inna, ɗaki ɗaya, gado ɗaya. Ni na matsa a ba ni ita. Duk zuwan da zan yi gida sai na tarar da ita tana karanta rubutun jikin buhun taki ko kwalin magani, tana tambayar abin da babu mai amsa mata. Na roƙa, na aika manya, na sake roƙo. Da Inna ta yarda, sharaɗi ɗaya ta kafa mini, a gaban Yaya. Ta ce in karatun zai cire wa yarinyar kunya, ita ba ta so, kuma ranar da ta ga alamar haka za ta aiko a ɗauko mata abarta. Na ce na ji. A lokacin ban ga ta inda hakan za ta taso ba.

Kunyar da Inna take nufi ba sunkuyar da kai ba ce. Yarinyar ba ta da sunkuyar da kai, bakinta ya fi nawa kaifi. A gidanmu ba a kiran sunan babba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Yaya ya fito daga bakin Inna ba, saboda ɗan fari ne. In za ta ambace shi sai ta ce wancan na fadama. Mu ƙannensa Yaya muke cewa. 'Ya'yansa Baba suke cewa, kuma in sun haɗu da wani mai suna irin nasa, ko mai sayar da rake ne, sai su ce mai sunan Baba. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu. Haka suka ji ana yi. Ni kaɗai ce aiki ya sa nake furta sunan, in ya faɗo a cikin labarai, sunan wani kwamishina ko wani da aka yi wa rasuwa. Inna tana saurare. In na je gida sai ta ce ta ji ni ina jifa da sunayen mutane kamar mai korar kaji daga shanya. Wasa take yi, amma ba duka ba.

Makarantar da na sa yarinyar tana da suna a gari. Ni na zaɓe ta da kaina. Abin da suke taƙama da shi shi ne ba malami ke tsara darasinsa ba. Suna sayen darussan ne a shirye daga wani kamfani, a saka a ƙaramar kwamfutar hannu, malami ya riƙe yana karanta abin da zai faɗa da abin da yara za su amsa. Sannan a ɗauki hoton bidiyo na wani yanki na darasin a tura zauren iyaye da aka buɗe a waya, don kowa ya ga abin da ɗansa yake koya. Ranar da aka yi mini wannan bayani na yaba. Na ce ai tsari ne.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabaci zamanmu, ina shirin karanta labaran rana, wata mata ta kira ni. Tana da shagon atamfa a kasuwa, iyayenta daga kudu suka zo, ita a Birnin Kebbi aka haife ta, kuma Hausar Kabi ta fi zama a bakinta fiye da nawa da rediyo ya goge. 'Yarta da tawa benci ɗaya suke zama. Ta tambaye ni ko na buɗe zauren iyaye. Na ce a'a.

"To, Hajiya, kada ki buɗe sai kin gama karanta labaranki," in ji ta.

Na bi shawararta. Da na fito daga ɗakin watsa shirye-shirye na zauna a teburina na buɗe.

Darasin ranar na mallaka ne, wato yadda Bature yake nuna cewa abu na wani ne. Mu sai mu ce wutsiyar akuya, shi sai ya fara kawo akuyar, ya ɗora mata ɗan waƙafi a sama, ya bi shi da harafi guda, sannan ya kawo wutsiyar. Darasi ne mai sauƙi, kowane ɗan aji uku yana bi ta kansa. Malamin ya rubuta misali biyu a allo. Sai ya duba kwamfutarsa ya karanta cewa kowane yaro ya miƙe ya faɗi sunan mahaifinsa, ya ƙara masa alamar, ya kawo wani abu da mahaifin ya mallaka. Yara suka fara. Wannan ya ce motar wane, waccan ta ce shagon wane. Ana tafa wa kowa.

Da aka zo kan tawa, ta miƙe ta ce, a Turance, gonar mahaifina. Ta faɗe shi daidai, harafin ƙarshen ya fito fes, na saurara sau da yawa. Malamin ya ce ba haka ba, suna ake so. Ta sake cewa gonar mahaifina. Ya ce suna. Ta yi shiru. Ya ce ko ba ta san sunan ubanta ba ne, aji ya fara dariya. Ta ci gaba da kallon allo. Sai ya duba kwamfutar ya nemo sunan Yaya, ya kira shi da ƙarfi, ya juya ya rubuta shi a allo da manyan baƙaƙe, ya ɗora waƙafin, ya ƙara harafin, ya cika jimlar. Abin da jimlar take cewa shi ne 'yar wane bebiya ce. Ya nuna da sanda ya ce aji su karanta. Suka karanta. Ya ce da ƙarfi. Suka ɗaga murya. Ana jin dariyar wadda ta riƙe wayar, muryar babbar mace, har hoton yana rawa. A ƙasan bidiyon an rubuta cewa yau aji uku sun koyi mallaka, an jera fuskokin dariya.

Na daɗe ina karanta labaran ambaliya da haɗarin jirgin ruwa ba tare da muryata ta motsa ba, don haka aka horar da mu. Ranar nan sai da na kife wayar a kan tebur na riƙe gefensa.

Da na koma gida na tarar da ita a tsakar gida tana wanke safarta, abin da ba ta yi sai an yi mata magana. Ban ce na gani ba. Ita ta fara. Ta ce, "Gwaggo, ai na san abin. Na ce masa in faɗi na wani, ya ce sai na Baba." Wannan ba ya cikin bidiyon, ashe tun kafin a zo kanta ta roƙe shi, wayar ba ta kama ba. Na tambaye ta ko ta yi kuka. Ta ce a'a, sai da aka fita tara, a bayan tankin ruwa, kuma ƙawarta ce kawai ta gani. Ta ce yanzu 'yan aji huɗu ma in sun gan ta sai su kira sunan su ruga. Ta faɗi wannan tana murza safar da ta riga ta fita.

Na yi niyyar in je makarantar washegari, amma Juma'a shugaban ba ya zama. Na rubuta a zauren iyaye cewa a cire bidiyon. Babu wanda ya amsa mini sai mai shagon atamfa, da wani mutum da ya rubuta cewa yara ne, a yi haƙuri. Kafin a cire shi ya riga ya fita. Matar wani ɗan'uwanmu, wadda nata ɗan yake aji biyar, ta tura wa ƙanwarta a Argungu don ta ga 'yar gidan Malam a makarantar birni. Ƙanwar ta ɗauki waya ta shiga wurin Inna da murnarta. Inna ba ta jin Turanci. Ba ta buƙatar ji. Ta ga jikarta a tsaye, ta ji aji guda na yara suna rera sunan ɗanta na fari, sunan da ita da ta haife shi ta riƙe a bakinta shekara da shekaru ba ta sake shi ba, ana yi ana dariya.

Yaya ya kira ni ranar Asabar. Ya fara da tsokanarsa ta kullum, ya ce 'yar rediyo, ashe shi ma ya shiga labarai. Sannan ya ce Inna ta ce a kai mata yarinyar da kayanta. Na ce ya roƙar mini ita zuwa Talata, in je makarantar tukuna. Na ce zan zo mata da magana mai kyau. Abin da nake nufi, in samu makarantar ta yarda ta yi kuskure a gaban yaran da aka yi abin a gabansu. Na san Inna. In aka ce mata malamin ya tsaya a aji ya ce yarinyar ce ke da gaskiya, za ta yi faɗa ta huce, yarinyar ta ci gaba da karatunta a wurina. In ban samu wannan ba, babu abin da zan riƙe ta da shi.

Shi ne muka zauna ranar Litinin.

Na tsara maganata yadda nake tsara labari, abu mafi nauyi a farko. Na ce an rubuta zagi a allo da sunan mahaifin ɗaliba, an sa aji sun maimaita, an ɗauka, an watsa. Na ce na biyu, yarinyar ta amsa darasin daidai tun a karon farko, kuma fassara tsakanin harsunan nan biyu ita ce sana'ata, don haka na san abin da nake faɗa. Gonar mahaifina da gonar wane gini ɗaya ne, alama ɗaya ce. Babu inda Turanci ya ce sai an kira sunan uba kafin a iya mallaka. Na ce na uku, ta nemi a bar ta ta yi misali da wani sunan, aka hana.

Malamin ya saurara yana jujjuya kwamfutar a hannunsa. Ya ce shi ba shi ya rubuta darasin ba. Abin da aka rubuta shi ne yaro ya faɗi sunan babansa, kuma a gaban kowane yaro akwai inda zai taɓa, ya faɗa ko bai faɗa ba. In ya taɓa bai faɗa ba, na'urar za ta ɗauka yaron bai gane ba, kuma shi za a tambaya. Na ce to me ya hana shi taɓa ya faɗa, tunda ta nuna ta gane. Ya ce wannan ai ƙarya ke nan. Na ce rubuta cewa bebiya ce fa, gaskiya ce? Ya ce wasa ne, don bakinta ya buɗe, kuma yaran ƙauye in ba a yi musu haka ba sai su shekara ba su yi magana ba. Argungu ce ƙauyen. Na tambaye shi daga ina yake. Ya ce Zauro, wani ƙaramin gari nan kusa da Birnin Kebbi.

Akwai tambayar da na taho da ita tun daga gida, ina ganin ita za ta gama zancen. Na dube shi na ce, "Malam, yaya sunan mahaifinka?"

Ya faɗa. Bai ko ɗauke ido ba. Ya haɗa da Alhaji a gaba da sunan kakansa a baya, yana murmushi, kamar wanda ya ci gasa. Ya ce ai suna don a kira shi aka raɗa shi. Tambayata ta faɗi ƙasa a banza. Ban ji haushin ya iya faɗa ba, bakinsa ne da ubansa. Haushina shi ne mutumin Zauro ba zai ce bai san gidajen da ba a faɗa ba. Ko gidansu sun daina, maƙwabtansu ba su daina ba. Da baƙo ne daga wata ƙasa, da na zauna na yi masa bayani da daɗin rai. Wannan ya sani sarai abin da ya sa ta yi shiru, ya kuma zaɓi ya mayar da shi abin dariya.

Daga nan shugaban ya karɓi magana. Ya yi ta a hankali, da muryar masu sasanta rikici. Ya ce an riga an cire bidiyon. Ya ce zamani ya canja, yaran nan za su je jarrabawa, za su je neman aiki, za a tambaye su sunan mahaifi, dole su saba. Ya ce iyaye suna kawo 'ya'yansu nan ne don su fita da ƙarfin hali. Ya ce shi yana da mafita da za ta faranta wa kowa: a sake ɗaukar wani bidiyon, yarinyar ta miƙe ta faɗi sunan da bakinta, aji su tafa mata, a tura zauren iyaye, kowa ya ga ta iya.

Kunnena ya saba kama abin da mutum ya tsallake a magana, don rabin aikin gyaran labari ke nan. Tun da shugaban ya fara, sau da dama zancen ya biyo ta kan Yaya, kuma ko sau ɗaya bai kira sunan ba. Da farko ya ce mahaifin yarinyar. Daga baya, da ya so ya nuna mini ya san gidanmu, sai ya ce ai ya san mai sunan Malam tun suna samari. Na bari ya kai aya.

"Ranka ya daɗe, wane Malam?"

Ya ce mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, sunansu ɗaya da yayana.

"Na ji ba ka kira shi ba tun da muka zauna."

Ya ɗan yi dariya, ya shafa gemu. "Hajiya, wannan ai tarbiyyar gida ce. Nan kuma makaranta ce."

Yana zaune a kujerarsa ta makaranta ya faɗi haka, a ofishinsa na makaranta, inda shi da furfurarsa ya kasa furta sunan da yake so 'yar shekara takwas ta miƙe ta furta a gaban waya. Ban ɗaga murya ba. Na ce ba za a sake ɗaukar ta ba. Na ce abin da nake nema ƙarami ne: malamin ya shiga aji uku ya ce jimlar da ya rubuta ba daidai ba ce, amsar da yarinyar ta bayar daidai ce, kuma daga yau duk yaron da ba ya kiran sunan mahaifinsa ya yi misali da sunan da ya ga dama. Shugaban ya ce in malami ya ba yara haƙuri, gobe ba zai iya riƙe ajin ba. Ya ce in aka buɗe wa yaro ɗaya ƙofa, kowa zai zo da al'adar gidansu, darasin kuma ba su da ikon taɓa shi, haka yake zuwa. Suka ba ni haƙuri, shi da malamin, ni da ba a rubuta komai a kaina ba. Yarinyar tana zaune a kujerar da na sa aka ba ta, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, babu wanda ya dubi wajenta.

Ranar Talata na ɗauki hutu muka kama hanyar Argungu. Na sa kayanta a bayan mota, ina gaya wa kaina don kada Inna ta ce na raina umarninta ne, za mu dawo da su. Gulbi ya cika, ruwa ya kwanta a fadama dama da hagu, kawunan shinkafa ne kawai a sama. Yarinyar tana kallon ruwan ta taga har muka yi nisa. Tana son makarantar nan, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Tana son ɗakin littattafansu, tana son ƙawarta. Can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Gwaggo, in na faɗa sau ɗaya, a hankali, za a bar ni?"

Na ce ba za ta faɗa ba. Na ce ba ita ta yi laifi ba, ba ita za ta biya ba. Ta ce to. Na san in na ce ta faɗa, shugaban zai yi murna, a tura bidiyon, ya sake isa Argungu ta hanyar da na farko ya bi, Inna ta ji sunan daga bakin jikarta. Ta ko'ina aka bi, wuri ɗaya za a fito.

Mun tarar da Inna a inuwar ɗakinta tana tsince shinkafa a faifai. Yarinyar ta ruga ta faɗa jikinta, Inna ta ture ta tana cewa 'yar birni ta zo ta ƙarasa mata ƙashin baya. Yarinyar ta ce tsohuwa dai ƙashinta ya daɗe da ƙarewa. Suka yi ta yi, kamar ba abin da ya faru. Yaya ya iso daga fadama da laka a ƙafar wando. Aka ci abinci. Sannan Inna ta aiki yarinyar gidan maƙwabta, ta ajiye faifan.

Ta ce, "To, mi sunka ce?"

Na gaya mata duka, ban rage ba, ban ƙara ba, har da maganar sake ɗauka. Sannan na kawo hujjojina. Na ce yarinyar ba ta faɗa ba, an matsa mata a gaban aji ta ƙi, wannan ya nuna tarbiyyar tana nan, karatun bai taɓa ta ba. Na ce makarantu sun yi yawa a Birnin Kebbi, gobe zan cire ta in kai ta wata. Na ce kada a hukunta yarinya da laifin malami. Na juya wajen Yaya ina neman ya sa baki. Ya ce shi dai sunan nasa bai ragu ba, da shi ya kwana da shi ya tashi, amma abin da Inna ta gani shi ne. Na ji kamar in jefe shi da murfin kwano. Sunansa ne aka yi wasa da shi, 'yarsa ce karatunta ke lilo, ya zauna yana ɓare gyaɗa.

Inna ta bari na gama. Ta ce ta san yarinyar ba ta faɗa ba, ai ta gani, kuma ta gode wa Allah. Ta ce amma bana ta ƙi, baɗi fa, in an sake tsayar da ita, ga dariya, ga ƙawaye, ga tafi ana yi wa masu faɗa. Ta tambaye ni ko wata makarantar da nake cewa su ba su da wayoyi. Na ce suna da su. Ta tambaya ko zan iya rantsewa can ba za a yi haka ba. Ban rantse ba, don ban saba faɗin abin da ban tabbatar ba.

"Waccan ma ke kika zaɓe ta," in ji Inna. "Ba ni hana ta boko. Ga makaranta nan bayan gida, malamanta sun san ɗiyar wa ce. Ki sauko mata da kayanta."

Na so in ce a makarantar bayan gidan yara a ƙasa suke zama, kuma babu ɗakin littattafai. Ta sani. Ta riga ta auna, ta ga abin da ya fi mata nauyi. Fushina ba a kanta ya tsaya ba, ita sharaɗinta ta faɗa tun farko, a fili, na kuma amsa. Ya tsaya ne a kan mutum biyu 'yan ƙasar nan, masu jin Hausar da nake ji, waɗanda aka roƙa abu kaɗan suka ga ya fi ƙarfinsu. Da malamin ya bar ta ta ce gonar maƙwabcinmu, ko jirgin masunci, ko jakar malam, da darasin ya shiga kamar yadda ya shiga, da yanzu tana gidana. Har yau na kan tuna duk lokacin da sunan ya faɗo mini a cikin labarai.

Na buɗe bayan mota na sauko da jakar. Yarinyar ta dawo daga aike ta gan ta a ƙofar ɗakin Inna, ta dube ni, ta ɗauka ta shige da ita ciki. Na kamo hanya bayan la'asar ni kaɗai.

A makon da ya biyo aka sa ta aji uku a firamaren gwamnati da ke bayan gidanmu, kuma a can ta gama. Mai shagon atamfa ta gaya mini cewa da ƙaramin ɗanta ya shiga aji uku an sake yin darasin yadda yake, da sunan uba, kuma malamin nan ne ya koyar.